Alƙalin Sabis na Barnawa

Ranar Talatar farko ta watan Oktoba, bayan an tashi daga koyon waƙa, Zumuntar Mata ta wata coci a Barnawa ta yanke shawarar yi wa Mama Edith waƙa ranar da za ta cika shekara tamanin. Mama Edith ce ta kafa zumuntar, ita ta koya wa rabin matan buga tulu, kuma tun da aka yi mata aikin gwiwa take zaune a Manchester wurin 'yarta Mercy. Ta aiko da sharaɗi guda. Ba ta son waƙar da aka naɗa aka turo, domin a cewarta a naɗi ake ɓoye kuskure. Kai tsaye take so, ta kiran bidiyo, ranar Asabar ta ƙarshen wata da la'asar, a gaban baƙinta.

Rebecca, wadda ta gaje ta a shugabancin zumunta, ta ce an gama. Akwai matan da tun ranar zaɓe suke cewa kujerar ta fi ƙarfinta, kuma su ne suka fi kowa tafi. Kuskuren Rebecca ɗaya ne: ta ba da labarin a gida, lokacin cin tuwo, mijinta yana zaune.

George ya yi ritaya daga wani ofishin gwamnati inda ya shekara da shekaru yana riƙe da makullin sito. A unguwa ana kiransa Injiniya, sunan da shi ya raɗa wa kansa. Hujjarsa ita ce lokacin da aka kafa ƙarfen sabis na farko a bayan layinsu, yana tsaye tun daga haƙa rami har ɗaura wayoyi, kuma akwai ranar da ma'aikatan suka ba shi sifana ya riƙe musu.

Ya ajiye lomar da ya ɗauko ya tambaye ta da wane layi za a yi kiran. Ta ce da wanda ke cikin wayarta. Ya dube ta da tausayi. Ya ce a mahaɗar Barnawa allon kamfanin Walƙiya ya ce shi ya fi kowa sauri a Arewa. A rediyo kamfanin Shaho ya ce wani bincike ya ba shi na ɗaya, ba tare da ya faɗi wanda ya yi binciken ba. Kamfanin Tauraro kuwa har hoton kofi ya buga. Mutum uku ba sa zuwa na ɗaya a tsere guda, saboda haka aƙalla biyu ƙarya suke yi, kuma duk gwajin da kamfani ya biya aka yi masa, a gindin ƙarfensa ake yinsa.

Har nan maganarsa ba ta da aibu, kuma abin da ya sa Rebecca ta kasa tare ta ke nan.

"Maman Jessica, ki bar min wannan," ya ce. "Zan yi gwajin da ba a taɓa yi ba a kudancin Kaduna. Ba kamfani, ba son kai."

"Baban Jessica, waƙa ce kawai za mu yi."

"Haka waɗanda ba su san aikin ba suke gani."

Washegari ya tafi Kakuri shagon Cyril, mai sayar da wayoyi da layukan dukkan kamfanonin uku. Ya tambaye shi, a matsayinsa na ɗan kasuwa, wane layi ya fi. Cyril ya ce wanda ka saya a wurina. George ya yi masa bayanin yadda kamfanoni ke yaudarar jama'a, Cyril ya yarda da kowace kalma, har yana ƙara masa misalai. Kafin bayanin ya ƙare ya sayar masa da layuka uku, da data, da wayar caji, da rigar leda mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi, wadda ya ce ba a bincike sai da ita. Ya kuma sa masa wata manhaja mai allura kamar ta gaban mota, wadda ke tashi idan sabis na gudu. George bai tambayi ma'anar lambobin ba. Allurar ta ishe shi.

A gida ya samo katako ya ɗaure wayoyi uku a kai da roba: sabuwar wayar Rebecca, tasa mai fasasshen gilashi, da tsohuwar wayar 'yarsu Jessica wadda ke mutuwa idan an yi mata tsawa. Ya ɗauki hayar Ben, mai keke napep da ke kwana a layinsu, suka fita.

Gwaji na farko na murya ne. George ya zauna a baya yana kiran lambar Ben da layi ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko yana jin sa. Ben, wanda ke zaune gabansa da tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, ya ce yana ji. Suka zaga Barnawa, suka haura Unguwar Sanusi, a kowace kwana George na cewa kana jina, Ben na cewa ras, Oga. Dukkan kamfanonin uku suka ci cikakken maki. Sai da suka tsaya shan mai George ya ga Ben ya ciro wayarsa daga aljihu yana neman inda zai sa caji, domin tun safe a mace take.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Oga, ka tambaye ni ko ina jin ka. Ina jin ka."

George ya ce wannan ma sakamako ne, kuma masu bincike ba sa zubar da sakamako.

Kwana na gaba suka shiga Tudun Wada da sabuwar dabara. Duk inda allura ta kwanta, George zai sauka, ya ɗaga katako sama, ya girgiza kai, sannan ya zana alamar gicciye da jan alli a bangon gidan da ke kusa, don ya gane wurin idan ya dawo. A Kaduna ba a buƙatar a gaya wa mutum abin da jar alama a bango ke nufi, musamman idan mai zanawa yana sanye da riga mai ƙyalli. Kafin ya gama layi guda, wani mai shago ya fara fitar da buhunan shinkafa, wata tsohuwa ta aika a kira ɗanta daga kasuwa, masu walda suka kashe inji suka biyo shi a baya.

Hajiya Jamila, mai gidan bene da shagon ɗinki a ƙasa, ta fito ta tsaya tsakaninsa da bangonta. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi titi za a fitar ko kwata, kuma yaushe motar rusau za ta zo. George ya yi dariya ya ce babu rusau, sabis yake aunawa, kuma ya kamata ta sani cewa ƙofar gidanta tana cikin wurare mafi rauni a unguwar.

"Wane ofishi ya aiko ka, Malam?"

"Ba wanda ya aiko ni, Hajiya. Ƙarfin binciken ke nan."

"Madalla. Tunda ba wanda ya aiko ka, ba wanda zai yi fushi idan ka wanke."

Aka kawo bokiti da soso. Ya wanke bangon Hajiya, ya wanke na maƙwabcinta, ya koma baya har farkon layi, jama'a na biye da shi suna nuna masa inda ya rage. Mai shagon ya sa shi ya taya shi mayar da buhunan ciki. Ben yana zaune a keke yana gadin katako, kuma da aka tambaye shi ya ce shi direba ne kawai, yau ya fara ganin mutumin.

Abin da ya fi wankin bango damun George shi ne allurar ba ta da magana ɗaya. A bakin cocinsu, inda za a yi waƙar, Walƙiya ya yi gaba da safe, da rana Tauraro, da yamma kuwa dukkansu suka kwanta. Gobe kuma a juya. Ya zauna a tsakar gida yana nazari har ya gano bakin zaren, ya kira Rebecca daga kicin ya sanar da ita. Mutane ne ke ɓata gwajin. Wannan na kallon ƙwallo, wancan na tura hoto, ɗan makaranta na rawa a gaban waya, duk suna ja daga ƙarfe guda. Ba za a san ƙarfin layi na gaskiya ba sai an auna shi lokacin da ba kowa a kai.

Rebecca ta ce ai ranar waƙa akwai mutane. Ya ce wannan wata tambaya ce daban, ta bar shi ya gama ta farko.

A Barnawa akwai lokaci guda da ba kowa a kan layi, kuma kowa ya san shi. Ranar Lahadi da safe unguwar kan kwashe kaf ta shiga coci-coci, kuma faston su George na cikin waɗanda ba sa fara wa'azi sai masu tsaron ƙofa sun tabbatar kowa ya kashe waya. Saboda haka ranar Lahadi George ya tashi da nishi, ya ja bargo, ya ce zazzaɓi. Rebecca ta dafa masa ruwan zafi ta tafi, ta bar wayarta a caji kamar yadda ta saba. Tana fita ya sa rigar ƙyalli ya ɗauki katako.

Titi fayau, sai awaki da ƙarar waƙoƙi daga kowane ɓangare. Allura ta tashi a dukkan wayoyin uku yadda bai taɓa gani ba. Ya lallaɓa ta bayan cocinsu ya durƙusa ƙarƙashin taga don kada a hango shi, ya yi gwajin ƙarshe. Layin Shaho, wanda ke cikin sabuwar wayar Rebecca, ya kai allura har ƙarshe. Ya buɗe bidiyo, ya tafi sumul. A daidai lokacin ya ji Fasto a ciki yana sa ikilisiya ta tashi tsaye a yi wa ɗan'uwa George addu'a, wanda ke kwance a gida ba lafiya. Ya jira aka gama, ya ce amin a hankali, ya koma gida ya shiga bargo.

Lahadin da ta biyo baya ya nemi minti ɗaya a lokacin sanarwa. Ya gode wa ikilisiya da addu'a, ya ce ya ji ta a jikinsa kamar yana wurin. Sannan ya yi bayanin binciken, ban da Tudun Wada. Ya ce kada kowa ya sake yarda da allon talla ko muryar rediyo, domin ga mutumin da ba ya cin ko sisi daga kowane kamfani ya auna da hannunsa, kuma Shaho ne. Duk mai son ya ga ɗansa na nesa ba tare da fuska ta daskare ba, ya san abin yi. Minti ɗayan ya cinye lokacin waƙar rufewa.

Da aka fito, Cyril na bakin ƙofa da lema da tebur da na'urar rajistar layi. George ne ya gaya masa sakamakon tun ranar Litinin, don ya ga yadda fuskarsa za ta yi. Layin mutane ya kai har titi. Labari ya tsallaka zuwa cocin da ke gaba, da gidan kallon ƙwallo na kusa, da masu shaguna. Kafin mako ya zagayo, da wuya ka sami gida a wannan yanki da ba layin Shaho a ciki, kuma George na tafiya a unguwa yana amsa gaisuwa da ɗaga yatsa ɗaya.

Ranar Asabar da la'asar aka kafa rumfa a harabar coci. Matan zumunta suka fito cikin ankonsu, masu tulu a gaba, masu kacau-kacau a gefe, Rebecca a tsakiya. Mama Edith uwar kowa ce, saboda haka kowa ya zo, kuma kowa ya ɗaga waya yana nuna wa nasa na nesa: wannan 'yarta a Legas, wancan ƙaninsa a Kafanchan, wata surukarta a Zonkwa. A gidan kallon ƙwallo ana babban wasa, a zauren da ke tsallaken titi ana liyafar aure. George ya haɗa wayar Rebecca da lasifikar coci ta bulutut, ba igiya tsakaninsu, ya gyara rigar ƙyalli, ya danna kira.

Wani ɗan zobe ya fito a gilashi yana juyawa. Ya daɗe yana juyawa. Fuskar Mama Edith ta bayyana, baki a buɗe rabi, ta tsaya a haka, sannan ta tarwatse ta ɓace. George ya ce matsalar daga Manchester ce, ƙasashen nan sunansu ya fi aikinsu. Ya sake kira daga gabas da rumfa, ya sake daga yamma, ya hau benci. Matan suka ɗauko baitin farko sau uku suna ajiyewa. Ɗaya daga cikin matan nan da suka fi kowa tafi ranar da aka yanke shawara ta tambayi ta kusa da ita, da muryar da ta isa layin gaba, ko shugaba ta tanadi wata dabara ko wannan ce duka.

Fasto ya matso ya tambayi George a hankali ko ya tabbata da layin. George, wanda gumi ya fara jiƙa wa riga, ya amsa da ƙarfi, kusa da makirufo.

"Fasto, a nan wurin na auna shi da kaina. Ƙarƙashin tagar can. Ranar Lahadi da safe allura har ƙarshe ta kai."

Fasto ya dube shi.

"Wace Lahadi, ɗan'uwa George?"

George ya dubi tagar, ya dubi Rebecca.

"Wadda muka tashi tsaye dominka?" Fasto ya ce. "Wato ka auna layin lokacin da duk unguwar ke zaune a gabana da wayoyi a kashe. Sannan ka tara mu duka a kansa."

George ya ce a kimiyyance sakamakon yana nan daram. Fasto ya juya ya roƙi jama'a su kashe wayoyinsu. Wasu suka kashe, wasu suka sauke hannu kawai, domin abin da ke faruwa yanzu ya fi waƙar daɗin nunawa. Masu ƙwallo da masu aure kuwa ba a ƙarƙashin Fasto suke ba.

A nan George ya hango tankin ruwan coci a kan dogayen ƙafafunsa na ƙarfe. Ya ce sabis sama yake bi. Aka aro tsani daga wani mai gyaran mota a maƙwabta, wanda ya ce a yi sauri yana da aiki da shi. George ya hau da waya a haƙora, ya zauna a kan murfin tankin, ya danna kira. Ko wane ƙarfe wayar ta kamo daga can, oho, amma kiran ya shiga, kuma muryar Mama Edith ta fito daga lasifikar coci tar, duk harabar na ji.

"Mercy, hancin wa nake gani?"

Aka ji Mercy ta ce mijin Anti Rebecca ne.

"Me yake yi a sama?"

George ya gaishe ta, ya taya ta murna, ya fara bayanin yadda ya zaɓo layin. Ta ce ba shi ta kira ba, ina matanta. Ya juya wayar ƙasa. Rebecca ta ɗaga hannu, tulu ya ɗauka, matan suka saki murya iya ƙarfinsu. Mama Edith ta ce tana ganin ɗankwalaye suna motsi kamar kasuwar kabeji, amma ba abin da take ji sai iska. Mercy ta ƙara da cewa baƙi na jira a yanka kek, a ɗan hanzarta.

George ya ce a jefo masa igiya. Aka kwance ɗaya daga igiyoyin rumfa, gefen rumfar ya sunkuyo kan dattawan ikilisiya, aka jefa masa. Ya ɗaure wayar ya fara zura ta ƙasa a hankali. Da ta kai rabi, waƙa ta fara shiga. Da ta ƙara sauka, sabis ya ɗauke. Ya ja ta sama, sabis ya dawo, waƙa ta tafi. Ya sake saki, ya sake ja, yana ba matan umarni daga sama su ɗaga murya idan ta sauko, su riƙe numfashi idan ta hau. Wayar na lilo a ƙarshen igiya tana juyawa, tana nuna wa Manchester sama, da bango, da takalmin George, da sama kuma. Daga cikin baiti guda, kalma biyu ko uku ne suka tsallaka teku, kuma ba a jere ba.

Matan sun kai ƙarshen baiti na biyu, sun tsaya shan numfashi, sai lasifika ta yi magana.

"Mercy, kashe. Jiri nake ji."

Aka kashe.

Wayar na rataye daidai fuskar Rebecca. Ta kwance ta daga igiyar, ta goge gilashin da bakin zane, ta sa a jaka. Ta juya ta ce wa matan waƙar da aka fara sai an ƙarasa ta, kuma suka ƙarasa, har baiti na ƙarshe, masu tafin nan ma suna ciki, idonsu a ƙasa don kada dariya ta ƙwace musu. Daga saman tanki George na sanar da duk mai saurare cewa a inda yake zaune allura na kaiwa ƙarshe, wanda ke nuna bincikensa bai yi ƙarya ba, wurin taron ne aka zaɓa ba daidai ba.

Mai gyaran mota ya leƙo ta ƙofa ya tambayi ko an gama da kayansa. Rebecca ta ce an gama, ta gode masa, ta ce wa jama'a abinci na cikin zaure.

Aka mayar wa mai tsani tsaninsa.